Turaren da Yake Gane Ta da Shi

"Minti nawa kika yi a tsaye kina kallona?"

Auta ta karɓi sandar mijinta ta jingine a bayan ƙofa, ta sake ɗaukowa, ta rasa inda za ta ajiye.

Mijinta malamin makaranta ne. Ciwo ya tafi da idanunsa tun kafin su haɗu. Yau ta je tarbo shi a ƙofar makaranta kamar kullum, ya fito ya gifta ta, kafaɗa na gugar kafaɗa, har da ce mata, "Yi haƙuri, baiwar Allah."

"Baiwar Allah! Matata na ce wa baiwar Allah a gaban ɗalibaina! Ina turarenki?"

"Na daina sawa, Yaya..."

"Ƙarewa ya yi?"

"Bai ƙare ba."

Shi ya zaɓar mata shi tun suna neman aure. Kwalba ashirin ya shinshina a shago kafin ya ce wannan. Ko a tsakiyar kasuwa ta tsaya, da shi yake nufo ta kai tsaye ba ya tambayar kowa. Abin alfaharinsa ke nan.

Ta zauna, ta miƙe, ta je ta buɗe taga.

"Likita ce ta ce in bari, jiya da na je awon ciki. Wai akwai wani sinadari, fitalet, da ake sa wa wasu turaruka don ƙamshi ya daɗe. Har man shafawa da man gashi. Sau da yawa ba a rubuta shi a jikin kwalba. Yana shiga ta fata, yana iya dagula sinadaran jiki, kuma... an danganta shi da haihuwa kafin lokaci."

Ta san inda zuciyarsa ta tafi, don tata ma can ta yini. Bara waccan ta haifi ɗa a wata bakwai. Kwana biyu ya yi a duniya.

"Wancan cikin kullum kina sawa," ya ce a hankali. "Ni nake cewa ki ƙara."

"Ba ta ce shi ne ba! Wallahi ba ta ce ba! Cewa ta yi ba wanda ya sani, mu dai rage abin da za mu iya. Ka ga abin da ya hana ni faɗa maka?"

"Sai kika bar ni na zama abin dariya."

"Gara ka ji haushina da ka ji haushin kanka."

Ya laluba ya ɗauko kwalbar daga kan madubi. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu, bai buɗe ba. Sannan ya miƙa mata.

"Fitar da ita daga gidan nan. Kada ki ba kowa."

"To ta yaya za ka riƙa gane ni?"

"Sai ki yi magana, kamar kowa."

Kamar kowa. Wannan maganar ta fi faɗan zafi.

Wata guda tana yi masa sallama daga nesa, yana amsawa da ladabi. Ta canza sabulu, ta canza mai. Ba ta samun sukuni. Sau biyu ta tsaya a ƙofar shagon turare, ta dafa cikinta, ta wuce.

Ranar awo na gaba ya ce zai same ta a asibiti. Mata sun fi talatin a kan benci, surutu kamar kasuwa. Ta hango shi a bakin ƙofa. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta fasa.

Ya taho yana taɓa ƙafar benci da sanda. Ya wuce mace ɗaya, biyu, bakwai. Ya zo daidai ita, ya ɗaga ƙafa zai wuce... ya tsaya.

"Matsa mini, Auta."

Hawaye ya zubo mata. "Wa ya nuna maka?"

"Duk ɗakin nan kowa numfashinsa yake yi, ke kaɗai kika riƙe naki." Ya zauna, ya nemo hannunta ya ɗora a kan cikin. "Sake shi, masoyiyata. Mutum biyu ne ke jira."