Gammon da Hindatu ta Ɗinka

"Mene ne wannan?"

Mama Naomi ta ɗaga abin da yatsu biyu, kamar wadda ta tsamo ɓera daga tukunyar miya.

Hindatu na durƙushe a gabanta, kanta a sunkuye. Matan da ke zaune a gindin mangwaro duk suka tsayar da allurarsu.

"Gammo ne, Mama..."

"Na ga gammo ne, ban makance ba. Na wa?"

"Naki ne. Ni na ɗinka miki."

Gammon kuwa ya yi kyau, wannan ko maƙiyi bai musa ba. Ƙananan ƙyallayen atamfa ne, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, an haɗa su baki da baki, an cusa auduga, an bi da ɗinki siriri kamar an jera ƙwayar acca.

"Wato kin dube ni," in ji Mama Naomi a hankali, "kin dubi furfurata, kika ga abin da ya dace da kaina shi ne kaya."

"A'a Mama, ni dai..."

"Uwata ba ta ɗora kaya a kai ba. Kakata ba ta ɗora ba. Macen Gbagyi a kafaɗa take ɗaukar kayanta. Kai ba jaki ba ne, yarinya! Tunani yake ɗauke da shi, kuma ya ishe shi nauyi."

Ta cillar da gammon bayan turmi.

"Wannan ce Yamusa yake so ya kawo mini gida?"

Hindatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fita da gudu, ta bar takalminta ɗaya a bakin ƙofa.

A shekarar da aka ce motoci su koma hannun dama aka yi wannan. Dokar ba ta dami kowa a Bwari ba, domin motar da ke zuwa ɗaya ce, kuma tsakiyar hanya take bi.

Su Hindatu baƙi ne. Daminar da ta wuce mahaifinta Bappayo ya sauko da shanunsa daga gabas, ya kafa ruga a bayan duwatsu. Ita ke kai nono kasuwa. A bakin kasuwar akwai rumfar tela, telan kuwa shi ne Yamusa, ɗan Mato da Naomi. Uban na sallah, uwar na zuwa coci, shi ya bi uban, kuma ba a taɓa jin gidan ya kama wuta saboda haka ba.

Ƙyallaye ne suka haɗa su. Wata rana ya gan ta tana tsintar guntayen yadin da suka zubo ƙarƙashin keken ɗinkinsa.

"'Yar Fillo, shanunku sun fara cin atamfa ne?"

"Shara ce, Tela. Ko ita ma sayarwa kake?"

"Me za ki yi da ita?"

"Abin da kai ka kasa."

Ranar kasuwa ta gaba ta kawo ƙwaryarta rufe da wani marufi na ƙyallaye, kowane launi a inda ya dace. Yamusa ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya manta da wandon da ke ƙarƙashin allurarsa har ya ɗinke ƙafa ɗaya ruf.

Daga nan sharar rumfarsa ta ƙaru ƙwarai. Masu kawo ɗinki suka fara lura rigunansu na ɗan matse su a hammata.

Shi ya kai ta wurin mahaifiyarsa. Kowace Alhamis mata kan taru a gidan Mama Naomi, su haɗa ƙyallaye su yi barguna da zannuwan goyon jarirai, aikin da ta koya tun tana budurwa a makarantar mishan. Ba don abinci suke yi ba. Don hira ne, da kuma jin daɗin kushe ɗinkin juna. Ka'idar gidan ɗaya ce: sabuwar shiga, abu na farko da ta gama, uwar gida take kai wa. A nan ake sanin ko za ta zauna.

A cikin matan akwai Lucy, 'yar aminiyar Mama Naomi, wadda tun tana goye aka fara yi mata wasan aure da Yamusa. Kowa ya daina wasan, ban da ita.

Ita ta fi kowa yi wa Hindatu fara'a.

"Ƙawata, me za ki ɗinka wa Mama?"

"Ban sani ba. Ina tsoronta, Lucy."

"Haba! Ba ki ga yadda take tafiya a karkace ba? Kafaɗar nan ta gaji. Kullum tana cewa matan Fulani sun huta, kaya a kai, wuya a miƙe. Gammo mai laushi kawai ta rasa."

Hindatu ta sha ganin matan garin da ƙwarya a kafaɗa. Ta ɗauka rashin gammon kirki ne. Mutum in ya ga wasu na yin abu ba irin nasa ba, abu na farko da ke zuwa masa shi ne tausayi.

Ta rungume Lucy, ta yi mata godiya.

Washegarin ranar da aka cillar da gammon, Yamusa ya turo kekensa na hawa har bakin ruga, takalminta ɗaya a rataye a kan ƙahon keken. Ya same ta a gindin kaɗanya tana wanke ƙore.

"Hindu..."

Ba ta ɗago ba.

"Hasken idona, ko takalmin ki karɓa."

"Ka mayar mata. Ta ɗora a kafaɗa."

Ya danne dariya, bai danne da kyau ba.

"Dariya kake yi?!"

"Wallahi ba dariya ba ce, tari ne."

"Da ka gaya mini, Tela! A gaban mata ta wulaƙanta ni!"

"Ban san abu ne da ake faɗa ba. Ke kin taɓa gaya mini saniya na da ƙaho?"

"To ka je ka auri wadda ta sani."

"Wa ya ba ki shawarar gammo?"

Ta ci gaba da wanke ƙorenta. A gidansu ba a kai ƙara. In an cuce ka, ka haɗiye, ka gyara tsayuwa.

"Ba zan ƙara zuwa kasuwarku ba," ta ce. "Kubwa zan riƙa kai nono."

"Kubwa? Da wannan nisa?"

"Ƙafata ce."

"Zuciyata ce za ta yi ta tafiyar, ba ƙafarki ba..."

"Ka ajiye wa Lucy wannan, tana son waƙa."

Ta karɓi takalmin dai. Takalmi bai yi mata laifi ba.

Shi kuwa Bappayo, da ma bai taɓa son maganar ba. Tun farko ya ce, "Mutumin da dukiyarsa ƙarfe ce mai taka-taka? In damina ta zagayo, keken nasa zai haihu ne?"

Ana zaton zai yi murna. Da labari ya kai masa, sai ya miƙe tsaye da sandarsa.

"Wa aka ƙi? 'Yata?"

"Ai kai ma ba ka so, Baba," in ji Hindatu.

"Ni ne zan ƙi, ba su ba! Wa ya fi ki hannu a duk ƙasar nan? Su zo su nema kamar mutane, sannan in yi tunani!"

Ya wuce cikin shanu yana faɗa, har da wata karsana da ba ruwanta.

A can gida, Mama Naomi ba mai zubar da ƙyalle ba ce. Da fushinta ya lafa ta tsinto gammon daga bayan turmi don ta warware shi ta yi amfani da atamfar.

Ta sa tsinke, ya karye. Ta sa allura, ta lanƙwashe. Ta nemi bakin zare ko ɗaya, babu.

Alhamis ta zagayo tana nan tana fama, tabarau a kan hanci, tana gunaguni.

"Wannan ɗinki ne ko ginin gara?"

Lucy ta matso kusa da ita da fara'a. Tun fitar Hindatu ta koma zama a kan kujerar da ke daf da uwar gida.

"Bar shi, Mama, kada ki ɓata idonki. Ba zai warwaru ba. Sau biyu take bin kowane layi, ta ɓoye ƙullin a cikin audugar. Na gan ta tana yi."

Allurai suka sake tsayawa.

Mama Naomi ta cire tabarau.

"Kin gan ta tana yi."

"E... a'a, wato..."

"Ke da aka haifa a garin nan. Kin ga baƙuwa na ɗinka mini gammo, kika zauna kina koyon ƙulli."

"Mama, na ɗauka wasa..."

"Miƙo mini bargonki."

Lucy ta miƙa. Mama Naomi ta zura yatsa tsakanin ɗinki da ɗinki, yatsan ya fito ta ɗaya gefen.

"Kaza ma za ta ratsa nan ba ta sunkuya ba. Koma can baya ki warware, ki sake. Yau ba na son jin muryarki."

Ranar kasuwar Kubwa, da hantsi, Hindatu ta biyo hanyar da ta ratsa tsakanin duwatsu, ƙwarya cike a kanta. Tana zagayo wani dutse ta yi kiciɓis.

Mama Naomi ce tsaye a tsakiyar hanya, da doya a kafaɗa.

Ba wurin gudu. Hagu dutse, dama gonar dawa.

"Ina... ina kwana, Mama."

"Lafiya."

Tsohuwar ba ta matsa ba. Idonta na kan ƙwaryar.

Hindatu ta ji kamar kanta ne laifin. Ta kai hannu biyu ta sauke ƙwaryar, ta jefar da gammonta, ta ɗora ƙwaryar a kafaɗa yadda ta ga suna yi.

"Ke! Me kike yi?"

"Zan koya, Mama. Zan iya..."

"Tsaya! Ba haka ake..."

Ƙwaryar ta tsaya daidai tsawon numfashi ɗaya. Sannan ta karkace, faifan ya tashi sama, nono ya kwararo. Rabi a ƙirjin Hindatu, rabi a kan Mama Naomi da ta kawo hannu don tarewa, daga goshi har zane.



Kindirmo na ɗiga daga hancin tsohuwar.

Hindatu ta rufe ido. Ta gama, ta ce a ranta. Yanzu kam ta gama.

Sai ta ji wani sauti kamar ana tuƙa tuwo. Ta buɗe ido ɗaya. Mama Naomi ce ta sauke doyarta, ta dafa dutse, tana dariya har da hawaye.

"Wayyo cikina! Da farko gammo, yanzu wanka! Yarinya, kashe ni kika zo yi garin nan?"

"Ki yafe mini, Mama..."

"Ɗauki gammonki. Ɗauka, na ce! Wa ya ce ki sauke? Kanki naki ne. Ki ɗora turmi ma in kin ga dama. Nawa kawai za ki ƙyale mini."

Ta share fuska da bakin zane.

"Na san wadda ta sa ki. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba a faɗa, Mama."

"Hm. Ku ma kuna da naku taurin kan."

Ta zauna a kan dutse, ta zame mayafinta. A saman kafaɗar fata ta yi kanta, baƙa, mai kauri kamar tafin ƙafa. Doya ce da itace da ruwan rafi, tun kafin a haifi Yamusa.

Idon Hindatu ya ciko.

"Mama..."

"Ba kuka na tambaye ki ba. Awo nake so. Abu mai faɗi, mai auduga, wanda zai kwanta a nan ba ya zamewa. Da irin ɗinkin nan naki da ya karya mini allura. Za ki iya?"

"Zan iya!"

"To auna."

Hindatu ta zaro zare daga bakin zanenta. Ta shimfiɗa shi daga gindin wuya zuwa ƙarshen kafaɗa, ta ƙulla.

Mama Naomi ta ɗaga murya ba tare da ta waiwaya ba.

"Kai kuma fito daga cikin dawar nan! Tun ɗazu tayar kekenka ke leƙowa."

Dawa ta motsa. Yamusa ya fito yana kakkaɓe riga, yana murmushin da ba shi da amfani ga kowa.

"Wucewa nake yi, Mama."

"Ta cikin gonar mutane. Je ka gaya wa ubanka ya nemi goro mai kyau. Juma'a za shi ruga, kuma an ce mai rugar na da baki."

Yamusa ya dubi Hindatu, fara fes daga wuya zuwa gwiwa.

"Hindu, rabin raina... yau kin fi kullum haske."

"Mama, ki ce ya daina!"

"Ni ma na gaji da shi, shi ya sa zan ba ki."

Hindatu ta sunkuyar da kai, ta ɗauki ƙwaryarta. Ta leƙa ciki, babu ko cokali ɗaya. Murnarta ta ɗan tsaya.

"Mama, in na koma gida, me zan ce wa Inna ya sami nonon?"

Mama Naomi ta matse zanenta, ta saɓa doyarta.

"Ki ce surukarki ta yi wanka da shi."