Kujerar da Aka Ɗauko daga Gindin Tsamiya

Ran Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da ƙarfe shida da minti goma na yamma, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Na Allah, a Tasawa. Iya, matarsa, tana kwashe tuwo. Ƴarsu Mansura tana kora kaji akurki. Suka ɗaga kai. Sai ga na biyu, a hankali, kamar wanda aka ajiye da hannu.

A ɗakin da ke kusa da zaure, Rayyanu, babban ɗan gidan, bai ji komai ba. Yana zaune gaban allon kwamfuta, ya riƙe sitiyari, ƙarar inji ta cika ɗakin. Gasar tseren motoci yake shiga ta intanet. Motocin hoto ne a cikin allo, amma direbobin mutane ne na gaske, kowa a ɗakinsa, wani a Dakar, wani a Abijan, wani a Faransa. Da rana gyaran salula yake yi a bakin tasha. A kakar gasar da ta wuce ya yi na uku, aka ɗaga shi zuwa rukunin manya, shi kaɗai ɗan Nijar. Sabuwar kaka za ta buɗe a ƙarshen wata, da sababbin hanyoyi, kuma lokacin da masu gasar suka tsayar ya faɗa daidai da magaribar Tasawa. Saboda haka kullum a wannan lokaci yake gwaji.

Don wannan kakar ya raba kansa da kujerar roba. A hanyar Korgom akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta gawar wata mota da ta kife shekaru da yawa. Duk direban da ya san hanyar ba ya wuce wurin sai ya danna oda, don masu wurin su janye ƴaƴansu. Rayyanu ya je da moto, wato babur, ya kwance kujerar direba, ya ɗaure ta a baya, ya taho. Bai danna oda ba, bai yi sallama ba.

Jifan ya ci gaba. Ba ya zuwa sai rana ta yi ja, kuma da an idar da salla sai ya tsaya. Na Allah ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga sawun kowa ba. Daga baya aka fara jin warin isansi, man mota, a tsakar gida, alhali moton na waje. Akuyar Iya ta daina ratsawa ta ƙofar ɗakin Rayyanu.

Wata yamma Mansura ta ajiye tsintsiya, ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu. Ta ɗaga hannuwa biyu kamar ta riƙe wani abu zagaye. A ɗaki Rayyanu ya karya hagu, ita ma jikinta ya kwanta hagu. Ya taka birki, kanta ya faɗo gaba. Bango ne tsakaninsu.

"Mansura, mi ke nan?" in ji Iya.

Yarinyar ba ta juyo ba. Wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ku ce mai ya rage gudu. Akwai yara a baya."

Daga ranar ta daina cin abinci sai ruwa. Aka kai ta likita, ba a ga zazzaɓi ba. Rayyanu ya rufe kwamfutar, amma da magariba ta yi sai hannuwan ƙanwarsa su tashi da kansu.

Na Allah ya aika garin Kanan-Bakashe aka ɗauko Malam Hamani, tsoho siriri wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso da la'asar sakaliya. Bai nemi ganin yarinyar ba, ya ce a nuna mai ɗakin Rayyanu. Ya daɗe tsaye yana kallon kujerar.

"Yaro, ina ka samo wagga?"

Rayyanu ya faɗa. Malam ya rufe ido.

"Ka yi oda?"

"Malam, ba kowa wurin."

"Kai ne ba ka ga kowa ba."

Da rana ta yi ja aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Mansura. Malam ya yi ta karatu har jifan ya fara, ya kuma tsaya. Sannan ya tambaya wa ke nan.

"Mai kujera," in ji muryar. "Cikinta na haifi ƴaƴana. Ya ɗauke mu muna barci."

"To, za a maida ku gida. Ka saki yarinya."

Bakin Mansura ya yi dariya, idanunta ba su yi ba.

"Da hwarko mun yi hushi. Yanzu tahiyar ta yi muna daɗi. Sai dai direban nan maƙaryaci ne. Kullum gudu, kullum gudu, mu komo inda muka taso. Mun ji yana hwaɗa a waya an buɗe sababbin hanyoyi. Ya kai mu ƙarshen guda, mu sauka."

Malam ya dubi Rayyanu. Saurayin ya ce:

"Malam, ba su da ƙarshe. Duk zagaye ne."

"To ya yi ta tuƙi," in ji muryar. "Yarinya tana gaba, kusa da ni."

Iya ta toshe baki da gyale. Malam ya ƙara karatu, muryar ta yi gurnani, ta sauko. Ya yi mata tayin baƙar kaza, ta ƙi. Ya yi tayin turare, ta ƙi. Can ta ce:

"In ba zai kai mu ba, ya sauka. Ya bar mani wurinsa."

Rayyanu ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya dubi wuyan hannun ƙanwarsa da ya zama kamar kara.

"Na bari," ya ce.

"Ka hwaɗa da ƙarfi, direba."

"Na bar maka."

Hannuwan Mansura suka faɗo kan cinyarta. Ta yi atishawa, ta ce tana jin yunwa.

Da safe aka ɗora kujerar a amalanke. Rayyanu ya bi ta da moto, yana danna oda tun daga nesa har gindin tsamiya. Sitiyarin da kwamfutar ya kwance su, ya kai wa wani a Maraɗi.

Ran Asabar ɗin da aka buɗe kaka, bayan sallar magariba, wayarsa ta yi ƙara. Sirajo ne, abokinsa da ke kallon gasar daga Yamai.

"Kai, mugu! Ka ce ka bari, sai ga ka na biyu! Amma mi ya sa ba ka tsaya ba da aka gama? Har yanzu motarka na zagayawa."

Rayyanu ya kashe wayar. Bai gaya wa kowa ba sai ubansa.

Waɗanda suka rage a gidan bayan haka su ne: Na Allah, wanda ya toshe ƙofar ɗakin da bulo, Iya, Mansura, wadda ta warke amma ba ta shiga gaban mota, da akuya. Rayyanu ya koma Agadas da gyaran salula. A gasar kuwa sunansa ya rage, kuma Sirajo ya ce duk Asabar da magariba yana fitowa.