Wasiƙa Biyu a Ambulan Ɗaya

A makon farko na watan Satumba, shekara ta 1976, aka tura Basharu koyarwa a makarantar firamare ta Kalgo. Shekararsa ashirin da uku, aurensa da Asma'u wata huɗu, kuma bai san kowa a Kalgo ba.

A tsakar gidansu na Gwandu ya karanta takardar. Mahaifiyarsa, Inna Dije, tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Shi ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da abin faɗa masa, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da kaza ce.

"Siddiƙu," ta ce wa ƙanenta, "gaya wa wancan ya tafi shi kaɗai tukuna. Ba a kai ɗiyar mutane garin da ba a san inda rijiya take ba. In ya samu ɗaki, an cire amfanin gona, sai a kai mai ita."

"To, Inna," in ji Basharu.

Asma'u tana bakin murhu. Sai ta ƙara itace a wutar da ba ta bukatar itace.

A Kalgo hedimasta ya haɗa shi da Malam Sambo, wani dattijo manomin shinkafa, wanda ya ba shi ɗaki da ɗan fili a gefen gidansa. Shekarar da aka buɗe makarantu ga kowa ce, don haka yara saba'in da huɗu aka ba shi a rumfar zana. Da safe ba shi da lokacin tunani. Wahalar daga azahar take farawa.

Mutanen garin ba su yi masa laifin komai ba. Suna gaishe shi da kyau — "Malam, ya baƙunta?" — su wuce. A Gwandu in ya fita kasuwa sai an tsayar da shi sau goma, wannan ya san kakansa, wancan ya yi karatun allo da babansa. A nan shi malamin makaranta ne kurum, kamar yadda allo yake allo. Ana aiko masa da akushi daga cikin gida, ya ci shi kaɗai yana kallon bango, sauron fadama yana yi masa waƙa.

Sai ya kama gyaran wuri. Ya yi daɓe, ya kafa zana, ya sayo randa da tukwane biyu. Ya ɗauko duwatsu uku ya jera murhu. Kullum in ya dawo daga makaranta yakan same su yadda ya bar su, farare, ba toka.

A mako na uku ya zauna ya rubuta wasiƙa biyu. Ta Inna layi uku ce: gaisuwa, ya sauka lafiya, a yi masa addu'a. Ta Asma'u shafi uku. Ambulan ɗaya gare shi, sai ya haɗa su ciki, ya ba Sule direban motar kasuwa. Ya san Asma'u ta yi firamare, tana karatu sarai. Abin da ya manta shi ne, a gidansu duk takardar da ta shigo hannun Kawu Siddiƙu take zuwa, ya karanta wa kowa a tsakar gida.

Kawu Siddiƙu tsohon ma'aikacin En'e ne, irin masu karatun da bakinsu ke gaba da hankalinsu. Ya gama layi ukun Inna, ya buɗe ɗaya takardar, ya gyara murya.

"Asma'u, sanyin idona. Garin nan duk mutane ne, amma ni babu kowa a cikinsa. Tun da na bar tuwon hannunki ban ƙara sanin daɗin abinci ba. Kai, kafin ke ma ban taɓa saninsa ba —"

Nan ya tsaya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Matan gidan suka tuntsire da dariya. Asma'u ta yar da ludayi ta ruga ɗaki, ta kifa kai a kan gado tana kuka don kunya.

Inna Dije ba ta yi dariya ba.

"Shekara ashirin da uku!" ta ce. "Ashe duk ƙasa nake ba shi shina ci. Siddiƙu, ɗauko alƙalaminka."

Amsar ta iso Kalgo bayan kwana shida. Basharu ya karanta ta a tsaye bakin rumfar aji.

"Innarka ta ce tunda tuwonta bai taɓa yi maka daɗi ba, ta riƙe mai tuwon a wurinta don ta koyi girki, sai baɗi in Allah ya kai mu. Kuma kada ka ƙara rubuto wa yarinya takarda. Kawunka, Siddiƙu."

Lukuman, malamin aji biyu, ya leƙa ta kafaɗarsa ya karanta.

"Haba, ticha! Wannan ai nonsens ne! Matarka ce fa, an ɗaura, an shafa fatiha. Wikend ɗin nan ka yi shatar mota ka je ka ɗauko abarka. Wa zai kai ka kotu?"

"Uwata ce, Lukuman."

"To, zauna nan ka auri duwatsun murhu!"

Maganar ta zauna masa. Har ya je tasha ya tambayi Sule ranar da zai koma Gwandu. Da ya dawo bayan la'asar ya tarar da Malam Sambo a zaure yana tufkar igiya. Dattijon ya dube shi sau ɗaya.

"Malam, akushinka ya dawo jiya ba a taɓa ba. Zauna. Mi ya faru?"

Basharu ya zayyana masa komai, har da layin tuwon. Malam Sambo ya yi dariya har igiyar ta kuɓuce daga ɗan yatsan ƙafarsa.

"Kai ɗan fari ne?"

"E, Baba."

"Ka taɓa jin ta ce ta yi kewarka?"

"Ko sunana ba ta faɗa."

"To, ka gani. Matarka tana iya shiga ɗaki ta yi kuka, a ce amarya ce. Uwar ɗan fari in ta yi kuka, mi za a ce? Ita ma ɗanta ya bar gida, ba ta da bakin faɗi. Sai ga takarda ta zo, an auna mata layi uku, an auna wa wadda ta zo jiya shafi uku. Ba tuwo ne ya ɓata mata rai ba, ɗana, awo ne. In ka ɗauko yarinyar da ƙarfi, ka samu mata ka rasa gida, ita kuma ta rasa uwar miji har abada."

Basharu bai koma tasha ba. Ranar ya sayi ambulan goma.

Daga nan kowane mako sai wasiƙa ta tafi Gwandu da sunan Inna Dije. Ya ba ta labarin fadama da yadda ake korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ya gaya mata rijiyar unguwarsu taku arba'in ce daga ƙofarsa, ruwanta ba gishiri. Ya ba ta labarin wani ɗalibinsa daga Diggi da ke zuwa aji da soyayyen kifi a aljihu. Don ya samu abin rubutawa, dole ya fara fita yana duba gari, yana tambaya. A haka ya san sunan mai gyaran keke da na limamin unguwa, su ma suka san nasa. Game da Asma'u kuwa ba ya rubuta komai sai "a gai da mutanen gida".

Kawu Siddiƙu ya karanta biyu, ya gaji.

"Ni ba rediyo ba ne, Yaya! Ga mai boko nan a gidanki."

Haka karatun ya koma hannun Asma'u. Takan zauna a gefen tabarmar Inna ta karanta a hankali, idonta a kan takarda. Inna tana kaɗi, kamar ba ta saurare, amma in an kai ƙarshe sai ta ce, "Maimaita mini wurin rijiyar nan." Mako biyar ana haka. Asma'u tana yi mata wanki da daka, ba ta taɓa tambayar yaushe za a kai ta ba.

Wasiƙa ta takwas gajeriya ce. Asma'u ta karanta layi biyu, sai ta tsaya.

"Mi ne kuma?"

"Inna, rubutun ne. Yana rawa, yana sauka daga kan layi."

"Ya ce ba shi da lafiya?"

"Bai ce ba. Cewa ya yi komai lafiya lau."

Inna Dije ta ajiye mazari. Ta daɗe tana kallon wata kaza da ke tono a gindin turmi.

"Ƙarya shikai," ta ce wa kazar. "Tun shina yaro in zazzaɓi ya kama shi ba ya faɗi."

Hawaye suka zubo wa Asma'u, suka ɗiga a kan takardar. Inna ta juyo ta dube ta.

"Ke kuma, duk kwanakin nan ba ki taɓa ce mini in bar ki ki tafi ba."

"Ba ni da bakin faɗi, Inna."

Tsohuwar ta san wannan ciwon, shekara ashirin da uku tana ɗauke da irinsa.

"Tashi ki haɗa kayanki."

Ranar Alhamis da azahar Basharu ya taso daga makaranta. Zazzaɓin ya sake shi kwana uku da suka wuce, amma rigarsa ta yi masa yawa. Tun daga bakin rijiya ya hangi hayaƙi yana tashi daga bayan zanarsa. Ya tsaya, sannan ya ƙara sauri.

Ga gado an jingine a bango, ga tabarmi da ƙore. Asma'u tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A bakin murhu kuwa Inna Dije ce zaune da muciya a hannu, duwatsun nan uku sun yi baƙi.

Ya durƙusa. "Inna, sannu da hanya. Ki yafe mini."

Ba ta dube shi ba. Ta kwashe tuwo ta zuba miya ta tura akushin wajen Asma'u.

"Miƙa wa wancan. In ya ci, ki tambaye shi ko da daɗi."

Ya cinye tas, har ya suɗe akushin. Malam Sambo, wanda ya leƙo yi wa baƙi barka da zuwa, ya gani ya kaɗa kai.

"Ka gani, Malam? Abin da haƙuri ya kawo maka har gida, da ƙarfi ka je ɗauka da rabinsa za ka samu. Wanda ya ba uwa haƙƙinta, ita da kanta za ta kawo masa nasa."

Washegari da hantsi suka raka ta tasha. Sule ya ba ta gaban mota. Sai da aka tayar da inji ta leƙo ta taga, ta kira Asma'u.

"Gaya wa wancan kada ya daina aiko takardar nan."

"To, Inna. Amma wa zai karanta miki?"

"Siddiƙu mana! Sai ya rubuta abin da za a iya karantawa a tsakar gida."

Motar ta tashi. Suka tsaya har ta sha kwana, sannan suka juya gida, shi a gaba, ita a baya. Da suka zo wajen rijiya ya rage tafiya, ya nuna mata.