Azumin Mai Doguwar Hula

An yi wani mutum mai son a naɗa shi dattijon ikilisiya. Kullum yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni Maganar Allah ce tuwona, ita ce miyata!"

Ranar azumin ikilisiya yunwa ta murɗe shi. Ya zaga ya sayi ƙosai, ya ɓoye a hula, ya shiga sujada.

Fasto ya ce, "Baba, taso gaba ka yi mana addu'a."

Namiji kuwa ba ya addu'a da hula a coci. Ya yi tari, ya sosa wuya, jama'a na jira. Da ya cire, ƙosai ya gangara har gaban mata.

Rifkatu mai ƙosai ta tafa hannu. "Af! Baba, ashe kai ne marar lafiyar da ka ce za ka kai wa?"