Fankar Inna

Da na'urar intanet ɗinsa ta fara ɗaukar zafi, mai gyaran waya ya cire 'yar fankar da ke gefen gadon mahaifiyarsa, ya kafa wa na'urar.

"Ɗan nan, zafi zai kashe ni," in ji tsohuwar.

"Haba Inna, ba ga mafici nan ba?"

Kwana uku tsakani aka binne ta.

Wani dare aka ɗauke wuta. Yana kwance sharkaf da gumi, sai ya ji fat, fat, fat daga falo, ga warin man zafin da take shafawa. Ya haska tocila. Fanka tsaye cak. Wani yamutsattsen hannu ne ke yi wa na'urar fifita.

"Koma ka kwanta, ɗan nan," in ji muryar. "Idan ta huce, zan zo kanka."