Ƙusoshi Huɗu a Tafin Hannun Baba

"Ya ƙi tashi kuma!"

Nusaiba ta buga teburin shagonta na gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ta dubi agogo. Biyu da rabi. Ƙarfe huɗu daidai za a yi wa Hassan tambayoyin ɗaukar aiki ta bidiyo, kuma rezon waya, wato sabis, a Madarunfa ba ya iya ɗaukar bidiyo, sai wifi na buro, wato ofishin wata ƙungiya can bakin tafki. Ga ordinatar ɗinsa ta rantse ba ta san wani abu wai shi wifi ba.

"Ƙalbina, bari kawai..." in ji Hassan, yana kai da kawowa. "Shamsu ya ce ta mutu."

"Shamsu! Wanda ke sintiri gidanmu da turare? Shi ka kai wa gyara? Haba, masoyina, kura ka ba ajiyar nama!"

Mahaifinta Baba Illo ya riga ya yanke magana: ba ya ba da ɗiyarsa ga mai yawo da takarda babu aiki. In yau ta wuce, shi ke nan.

Ta sake karanta rubutun da na'urar ke fitarwa wajen tashi. Pilot, wato manhajar da ke tuƙa katin wifi, yana nan, amma yana neman firmware, ɗan fayil ɗin da katin ke buƙata kafin ya farka, kuma sai ya ce ya gaza lodawa. Sau uku tana zuba fayil ɗin da ya dace da lambar da ke manne a bayan ordinatar. Sau uku a banza!

Sallama ta ji, mai kauri.

Baba ne, ya jingine motonsa mai ƙafa biyu a bakin ƙofa.

"Ke Nusaiba! Shamsu ya ce mini kin rufe kanki a shago da wannan yaron."

"Ƙofa a buɗe take, Baba." Hannunta ya riga ya ɗauki turnabis na kwance ƙusa. "Don Allah buɗe hannunka."

"Mi?"

"Ƙusoshin ƙanana ne, in suka faɗi ƙasa sun tafi."

Kafin ya tuna faɗan da ya zo da shi, ƙusoshi huɗu na kwance a tafinsa. Ya tsaya ƙiƙam, ba damar ko nuna yatsa.

Ta ɗaga murfin, ta kai ido kan katin.

"Innalillahi! Ba shi ba ne!"

"Wa?" in ji su biyun.

"Katin. An cire na asali an sa wani. Lambar baya daban, ta ciki daban. Tun safe abincin wani nake ɗura wa wani!"

A gefen katin akwai ɗigon jan fenti. Duk mai zuwa kasuwar Ɗan Issa ya san Shamsu ne ke yi wa kayansa wannan alama, Baba ma ya sani, don akwai irinta a bayan rediyonsa.

Baba ya ƙura wa jan ɗigon ido.

Uku da minti goma. Ta nemo fayil ɗin sabuwar lambar a wayarta, rezo na ja kamar jakin da ya ƙoshi. Rabi... ya tsaya... ya ci gaba...

"Ya Allah, ya Allah..."

Ya sauka! Ta zuba shi inda pilot ke nema, ta kashe ta kunna. Hassan ya rufe ido.

Sunayen wifi biyu suka fito a kan allo.

"Ya tashi! Hassan, wallahi ya tashi!" Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

Ta karɓi ƙusoshin ta ɗaura uku, ta nemi ta huɗu ta rasa.

"Bar shi, lokaci!" Baba ya daka tsawa. Ya juya ga Hassan. "Kai kuma ka tsaya kallona? Hau moto, mu je bakin tafki!"

Bayan sati uku takardar aiki ta zo. Ranar da magabatan Hassan suka kawo goro, Baba Illo ya kira ta ɗaki, ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu.

Ƙusa ta huɗu ce.

"A tsakanin yatsuna ta maƙale," ya ce, yana kallon gefe. "Je ki ƙarasa aikinki, ɗiyata. Ba na aurar da ke ga mai ordinatar da murfi na rawa."