Makullin Dornfels

A zamanin Sarki Kasimir na Uku, mai ƙasar Erlenau, a shekarar da sarakunan Jamus suka zare wa juna takobi, lokacin da alkama ta fara ja amma ba a kai ga sa mata lauje ba, rundunar ƙasar Prusiya ta doso kagarar Dornfels da ke cikin Erlenau. Erlenau ƙasa ce wadda in mutum ya yi atishawa a tsakiyarta, maƙwabta ne ke ce masa sannu. Duk da haka tana da sarki da waziri, da dajin barewa da babu irinsa, tana kuma da janar guda ɗaya tak, Gotthold von Ranzin.

Ranzin ya shiga soja tun gashin baki bai tsiro masa ba. Ya bar yatsu biyu a yaƙin Faransawa, ya bar jin kunnen hagu a bakin wata igwa da ta fashe. Da tsohon sarki ya rasu, 'ya'yansa suka kama kokawa kan gado, Ranzin ne ya tsaya da dakarunsa a ƙofar fada har aka naɗa Kasimir. Tun daga ranar sarki ba ya kiransa da komai sai Baba.

Da labarin maƙiya ya iso, sarki ya tara mayaƙa a filin kagara, ya sa Ranzin ya dafa tuta ya rantse, ya danƙa masa makullin babbar ƙofa, mai tsawon kamu guda.

"Baba, kada makullin nan ya bar hannunka sai zuwa nawa. Hannu da hannu. Ko takarda ta zo da hatimina, ƙarya ce."

Sa'an nan ya hau keken doki, ya ce za shi kudu ya taho da gudummawa. A wancan zamani ga jikin sarki soja yake rantsuwa, ba ga ƙasa ba. Wanda ya buɗe ƙofa kafin a sallame shi, a bainar jama'a ake karya takobinsa, sunan gidansu ya mutu tare da shi.

Shugaban maƙiya kuwa ba baƙo ba ne. Janar Emmerich von Stolle ne, wanda suka zauna benci ɗaya da Ranzin a makarantar hafsoshi. Suka haɗu a tsakiyar gada ƙarƙashin farar tuta. Stolle ya ce masa tsohon jaki, ya tsufa. Ranzin ya dubi tumbinsa ya ce shi dokin da ke ɗaukarsa ne yake tausayi.

"Gotthold, buɗe ƙofar nan mu huta. Sarkinka yana bayan sansanina, ya kusa cinye min agwagi."

"Wannan dabara tare aka koya mana ita, Emmerich, kuma na fi ka cin jarrabawar."

Suka sara wa juna, kowa ya koma, igwa ta fara magana. Garin abinci ya ƙare, aka koma dankali. Dankali ya ƙare, aka fara duban dawaki da wani irin ido. Kowace safiya Ranzin yakan hau hasumiya ya kafa madubin hange kudu, bai taɓa ganin komai ba sai shanun mutane.

Abu ɗaya ya dami Saje Kaspar, tsohon da ya taɓa goyo Ranzin daga fagen fama: giyar sarki da ke ajiye a ɗakin ƙasa kullum raguwa take yi, alhali ga mai gadi a bakin ƙofa. Dakaru suka ce fatalwa ce. Kaspar ya ce shi bai taɓa jin fatalwar da ke zaɓen tsohuwar kwalba ba. Wata hantsi sai ga shi ya jawo fatalwar gaban janar, tana zaginsa mai warin taba, tana cewa ya sake mata riga. Apollonia ce, kukun sarki, da kwando cike da kwalabe, da ɗan makulli rataye a wuya. Ashe akwai wata ƙaramar ƙofa a gindin ganuwa ta bakin kogi, mai ɓullowa cikin ɗakin giyar, wadda kakan sarki ya huda don wasu baƙi da ba a ambata a tarihi.

Ranzin ya tambaye ta ina gudummawa ta kwana.

"Wace gudummawa, ranka ya daɗe? Mai martaba ai bai wuce gidan farauta ba. Ƙasar ya riga ya ba Prusiyawa, dajin barewa ne ake ta ja-in-ja a kai. Waziri ya ce muddin kuna riƙe da ganuwa, bakinsu yana da nauyi a teburi." Ta gyara kwandonta. "Amma fa yana yabonka, kowane cin abinci sai ya ɗaga maka kofi."

Janar ya daɗe yana duban makullin da ke ɗamararsa. Sa'an nan ya ce ta gaya wa sarki ya tako bakin ƙofa ya miƙo hannu, tafiyar ba ta kai shan lofe guda ba. Ya kuma ce a bar ta ta wuce da kwalaben, tunda dukiyar sarki ce.

Da ta fita Kaspar ya matso ta wajen kunnen dama, ya ce yara suna mutuwa saboda nama mai ƙaho, a buɗe ƙofa kawai, wanda aka rantse wa ya riga ya kai rantsuwar kasuwa.

"Tasa ya karya, Kaspar. Tawa tana nan."

Sarki bai zo ba. Ya dai aiko da gasasshiyar cinyar barewa da gaisuwa mai yawa. Aka ci gaba da wuta har alkama ta zube a gona. A cikin waɗannan kwanaki ne harsashin igwa ya sami Kaspar a bakin rijiya, guga na hannunsa. Ranzin da kansa ya haƙa kabarin, da yatsunsa takwas.

Ranar da aka bar wa sarki dajinsa da laƙabinsa, sai ga shi a bakin ƙofa da 'yan badujala. Ya rungume janar, har da ƙwalla, ya karɓi makulli hannu da hannu kamar yadda aka yi alkawari. Amma Prusiyawa ma sun binne nasu, suna neman wanda zai amsa laifin. Sai sarki ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi tun tuni ya aika ta bakin kukunsa a buɗe, to amma kowa ya san Baba ba ya ji. Aka nemi Apollonia, aka ce ta tafi ƙauyensu jinyar wata gwaggo.

Aka kafa kotun soja a filin da aka yi rantsuwar. Stolle ya ce ciwon ƙafa ya hana shi zuwa, ko da yake an gan shi ranar yana yawo shi kaɗai a kan gada. Aka tambayi Ranzin ko yana da magana. Bai dubi alƙalai ba, sai ya dubi sarki.

"Kunnen hagu ne ya mutu, ranka ya daɗe. Rantsuwar ta na dama ta shiga."

Aka karya takobin Ranzin a gwiwa. Laifin da aka rubuta shi ne ƙin buɗe ƙofa, hukuncin kuwa shi ne wanda doka ta tanadar wa mai buɗewa.

Abin da tarihi ya riƙe shi ne, Ranzin ya ƙare kwanansa yana noman kabeji a bayan gari, iyayen waɗanda suka mutu ba sa gaishe shi, shi ma bai taɓa cewa sun yi kuskure ba. Sarki Kasimir ya rayu har ya ga jikoki, aka kafa masa gunkin tagulla a kasuwa, aka rubuta a gindinsa cewa shi ya ceci Dornfels daga taurin kai.

Haka mulki yake: babbar ƙofa yake ba bawansa ya mutu a kanta, ƙaramar ya bar wa kansa. Dajin yana nan, barewa sun yi ƙiba har ba sa gudun mutum. Mutanen Dornfels kuwa har yau ba sa cin namansu, sun ce kowace ɗaya da ɗan wani aka saye ta. Sai fa in babu mai kallo.